Dawar da Inna Ta Jiƙa

A shekarar da na haifi ɗana na fari, na koma gidanmu wankan jego, can wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Ƙarfi. Kaka ta yi kyau a wannan shekarar. An jibge dammunan dawa a tsakar gida har sai mutum ya karkace kafin ya wuce, kaji sun ƙoshi sun daina gudun mutane, ƙannena kuma kullum da karan takanɗa a baki. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kama sunana, "ke" take ce mini. Amma wankan nan ba ta yarda ta bar wa kowa ba. Gari na wayewa za ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya a wata ƙatuwar tukunya, ta yi ta fyaɗa mini ina ihu tana cewa saura kaɗan. In an gama sai kunun kanwa mai zafi da ɗan nama ya sha yaji. Ban taɓa samun hutu irin na kwanakin nan ba, kafinsu da bayansu.

Tukunyar wankan tana da 'yan'uwa uku, an kife su a bayan rumbu. Tukwanen giya ne. Mu asalinmu Maguzawa ne, kuma kafin bishara ta shigo gidanmu, Inna ce gwanar burkutu a duk yankin. Ina yarinya na tashi cikin wannan ƙanshin. Ranar kasuwa maza za su cika gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, kowa da ƙoƙonsa, ana hira ana gardamar shanu, wani lokaci ana rawa. Baba ne ya fara karɓar bangaskiya. Inna ta yi shekara uku tana dafa abinta, yana tafiya coci tana hura wuta, ba wanda ya ce wa wani kanzil.

Abin da ya sauke tukwanen shi ne mutuwar ƙanin Inna, autansu. Ya sha a gidanmu wata ranar kasuwa cikin damina, ya tashi yana tangaɗi, ya ce sai ya haye rafi ya koma gida. Ruwa ya tafi da shi. Ba wanda ya ɗora wa Inna laifi, amma ita ta ɗora wa kanta. Bayan wata biyar ta bi Baba coci, ranar da aka yi mata baftisma kuma ta yi alkawari a gaban Allah cewa hannunta ba zai sake dafa giya ba. Takan ce ba fasto ta yi wa alkawarin ba, ba kuma wanda ya roƙe ta ta yi shi. Shekara shida ke nan da yin haka lokacin da na koma wankan jego.

Ina da kwana goma sha biyu da haihuwa Kawu ya zo. Shi ne babban wan Inna, shi ya riƙe ta tun ubansu ya rasu tana ƙarama, shi ya aurar da ita, ni ma shi ya saya mini gadon aure. Bai bar al'adar kakanni ba, amma bai taɓa fushi da mu don mun bari ba. Ya shigo da hantsi yana kore da jaki, buhu biyu na jar dawa a bayansa. Ya ɗauki jaririn ya yi masa wasa, ya ce goshinsa na kakansu ne sak. Inna ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakina ta kawo ruwa, don haka duk abin da suka ce a kunnena aka yi.

Ya ce an sa ranar auren ɗansa, nan da mako biyu. Ɗa namiji guda ke gare shi. Dangin amarya za su zo tun daga wajen Matazu.

"To, Allah ya sanya alheri, Yaya," in ji Inna. Idonta na kan buhunan.

"Ke za ki dafa mini."

Ta ce, "Yaya, ka san na bari."

"Na sani. Ban ce ki sha ba, ban ce ki sayar ba. Sau ɗaya ne, na ɗana. Tun da kika sauke tukunya ba a sake shan giya a ƙasar nan ba, ruwan tsami muke ta sha. So kike baƙi su zo daga nesa in miƙa musu abin da aka sayo a kasuwa, alhali ƙanwata na raye?"

"Alkawari na yi."

"Ni da ubanmu ya mutu, alkawari na yi wa wani kafin in ɗauke ki? Ko kin taɓa ji na ce na bari?"

Bai ɗaga murya ba. Ya miƙe ya sauke buhunan da kansa, ya jingine su a jikin rumbu, ya yi mini Allah ya raya, ya kori jakinsa ya tafi.

Buhunan suka kwana biyu a wurin. Inna tana wucewa ta gabansu ba ta kallo. A nan ne zan faɗi nawa laifin, don ni ce na zauna mata a wuya. Ina son Kawu, kuma ban ga abin da zai ragu a sama ba don an dafa tukunya huɗu. Tana yi mini wanka ina magana. Na ce Allah ya san zuciyarta. Na ce zumunci ma ai umarnin Allah ne. Na ce ko ta dafa ko ba ta dafa ba, sai an sha giya a bikin nan, gara a sha mai kyau da ba za ta cuci kowa ba. Na ce daga baya ta roƙi gafara, ai ƙofar gafara ba ta rufuwa. Duk da murya mai daɗi na faɗa, ina jin kaina mai hankali. Ita kuwa ruwan kawai take fyaɗa mini. Rana ta uku na fito na tarar ta juye dawar a randuna ta zuba ruwa.

Wanda bai ga Inna a kwanakin nan ba bai san ta ba. Ta tsame dawar ta baza a kan tabarmi a inuwar bayan ɗaki, ta lulluɓe da ganye, safe da yamma tana yayyafa ruwa. Takan tura hannu ƙarƙashin ganyen ta ji ɗumin, ta ɗebo kaɗan ta shinshina, ta san ko a ƙara ruwa ko a buɗe ya sha iska. Tafiyarta ma ta sake. Na ji ta tana 'yan waƙe-waƙen da rabona da su tun ina yarinya. Rana ta uku da bazawa farin tsiro ya leƙo a kan kowace ƙwaya, ƙanshin nan mai zaƙi-zaƙi ya cika gidan, ni kaina na ji kamar na koma shekara bakwai, ina zaune a cinyar kakata ana kiɗa a gindin tsamiya.

Baba dattijo ne a ikilisiya. Kowa ya san abin da zai biyo baya in maganar ta fita: za a dakatar da Inna daga cin jibin Ubangiji, a mayar da ita benci na baya a coci, shi kuma ya sha kunya a gaban 'yan'uwansa dattawa. Na zaci zai yi faɗa. Sai na ga ya zo wucewa ta bayan ɗaki, ya tsaya ya dubi tabarmin, ya kewaye su a hankali don kada ya taka, ya tafi abinsa. Shirun nasa ya fi faɗa damuna. Da la'asar na same shi a zaure yana tufkar igiya, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, ka ga abin da ke bayan ɗaki?"

"Na gani."

"To, ka yi magana mana. In ka yarda ka ce ka yarda, hankalinta ya kwanta. In kuma ba ka yarda ba ka hana, sai a ce wa Kawu mijinta ne ya hana, ba ruwanta."

Ya ci gaba da murza igiyar a cinyarsa. Can ya ce, "Ran da Kawunki ya kawo dawar na faɗa mata abin da na gani. Na ce ba daidai ba ne, na ce zan tsaya mata in ta ƙi. Sau ɗaya na faɗa, ta kuma ji."

"Amma ba ka hana ba."

"In na hana, ni ta bi. Alkawarin ba da ni ta yi ba." Ya ɗaga kai ya dube ni. "Mutumin farko da matarsa, da Allah ya sa su a lambu, ya ce kada su ci 'ya'yan itace guda. Kin ji an ce ya zagaye itacen da ƙaya? A fili ya bar shi, inda hannu zai kai. Yana da ikon ya sare shi, bai sare ba. Yana so a bi shi ne da zuciya. Saniyar da ke ɗaure a turke ba a yaba mata don ba ta shiga gona ba."

"In ta dafa fa?"

"In ta dafa, matata ce har gobe. Zan zauna kusa da ita a benci na baya. Amma addu'a ina yi, ke ma da kin yi, maimakon wannan yawan bakin."

Ashe ya san rawar da nake takawa. Na tashi na fita, amma ban canja ra'ayi ba.

Washegari da hantsi muka ji sallamar matan zumuntar coci su biyu, sun zo barka da ɗan sabulu da garin kunu. Inna na ɗakin girki. A lokacin an yaye ganyen, an shanya tsiron a rana a gefen tsakar gida, duk wanda ya shigo sai ya gani. Ban san sa'ad da na zabura ba, da jikina na mai jego, na ja zana biyu na kifa a kai, na jefa zannuwan jariri a sama kamar shanya. Suka shigo, muka yi hira, suka yi addu'a a kan yaron, Inna ta raka su har bakin hanya. Da ta dawo ta tsaya a kan zanar ta daɗe.

"Ke kika rufe?"

"Ni ce, Inna. Ba su gani ba."

"Na san ba su gani ba. Ina daga ɗakin girki na ga kin rufe, na ji wani sanyi a raina." Ta zauna a kan turmi. "Wannan sanyin ne ya ba ni tsoro. Shekara ashirin ina dafa giya a ƙofar gida, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Yau ga ni ina murna 'yata ta iya ɓoye mini abu."

Na ce ai don gudun surutu ne. Ba ta saurare ni ba. Ta buɗe tafin hannuwanta tana kallo.

"Ran da aka tsoma ni a ruwa na zaci zan fito na manta. Na roƙi Ubangiji ya cire mini abin nan daga hannu, ya cire ƙanshin daga hancina. Bai cire ba. Ko yanzu aka rufe mini ido zan dafa ta, ta fi ta da. Kuma kada ki zaci don Yaya kaɗai na jiƙa dawar nan. So nake a sake cewa ba kamata. Shekara shida ba wanda ya ce mini gwana a kan komai."

Yaron ya farka, na shiga ɗaki.

Duk da haka ba ta tsaya ba. Tsiron ya bushe, ta aika aka niƙo shi a inji. Ta tono tukwanen uku daga bayan rumbu, ta wanke su da toka har suka yi ƙyalli, ta haɗa da ta wankana ta jera su a kan murhu. Ranar ɗora wuta ta zo, saura kwana huɗu biki. Ta gama mini wanka da wuri, ta tara itace a ƙarƙashin kowace tukunya, ƙanwata ta cika su da ruwa. Ta ɗebo garwashi a kasko daga ɗakin girki, ta zo ta tsuguna a gaban murhun farko.

Ina zaune a bakin ƙofa ina shayarwa, ina kallonta. Ta tsuguna a nan har inuwar rumbu ta matsa daga kanta rana ta same ta. Leɓɓanta na motsi, ban ji abin da take faɗa ba. Baba yana gida ranar, bai je gona ba, amma bai leƙo daga zaure ba. Garwashin ya yi fari a cikin kaskon, ya mutu. Sai ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta zubar da tokar a gindin bango, ta shiga ɗaki ta ɗauro zanen fita.

"Ina za ki, Inna?"

"Wurin Yaya. In faɗa masa tun yau, ya samu lokacin neman wata."

Da ƙafa ta tafi, tafiyar da ta fi awa biyu. Baba ya ce zai kai ta a keke, ta ce a'a, kada a ce shi ya kawo ta. Ta dawo bayan la'asar, ƙafafunta sun yi futu-futu. Abin da ta faɗa mana kaɗan ne. Ta ce ta durƙusa ta ce masa ta jiƙa, ta shanya, ta niƙa, ta kasa ɗora wuta, kuma ba wanda ya hana ta. Ya tambaye ta ko Allahn nata ya sauko ya riƙe mata hannu. Ta ce bai riƙe ba, ita ce ta ajiye. Ya ce ta tashi ta ba shi wuri.

Akwai wata Hajiya a unguwar da ke maƙwabtaka da mu, mai sayar da kunun zaƙi, ƙawar Inna tun suna amare. Inna ta aika aka kira ta, ta nuna mata garin tsiron. Hajiya ta riƙe baki, ta ce wannan ai ya isa a zaƙaƙa kunun gari guda. Ta ce a kawo gero da citta da kanumfari da busasshen dankali. Baba ya hau rumbu da kansa ya sauko da dammunan gero. Jajibirin biki su biyu suka yini suna dama kunu a tukwanen nan huɗu, Hajiya na nuna mata inda za a zuba tsiron, Inna na bi kamar ɗaliba. Ragowar garin ta bar wa Hajiya.

Ranar biki aka ɗora randuna a amalanken shanu. Ni ban je ba, ban yi arba'in ba, ƙanwata ce ta ba ni labari. Ta ce da aka sauke randunan maza suka taso da ƙoƙuna, na farko ya kurɓa ya tofar, aka fashe da dariya, wani ya ce gwanar jiya ta koma dama wa yara kunu. Mata da yara da wasu Musulmi daga dangin amarya sun sha, sun kuma yaba. Kawu ya sayo giyarsa a wani ƙauye. Bai gaishe da Inna ba, bai dubi inda take ba, aka kuma zaunar da ita can nesa da dangi. Randa guda ta dawo gida ba a taɓa ba. Washegari na sami Inna a bayan rumbu da rana tsaka tana kuka ba sauti. Ban lallashe ta ba. Haushinta nake ji, ina ganin ta raba mu da mutumin da ya fi kowa yi mana alheri. Ran da na yi arba'in za a mayar da ni ɗakina a wajen Bakori, dangi kowa ya aiko da ɗan abinsa, ban da Kawu.

Na daɗe kafin in gane abin da na gani. Yanzu ina zaune a Funtua, na wuce shekarun da Inna take da su a lokacin, kuma na sha tsugunawa gaban nawa murhun, a kan abubuwan da ba su shafi giya ba. Wani lokaci na ajiye garwashin, wani lokaci na tura shi. Duk sa'ad da na tura, da irin maganganun da na yi wa Inna a wurin wanka nake lallashin kaina. Daga baya na roƙe ta gafara. Ta ce in bari, ai ba ni na jiƙa dawar ba.

Damina biyu Kawu bai taka gidanmu ba. Inna ba ta fasa aika masa da daddawa da kuka ba ta hannun duk wanda ta samu zai bi ta can, ba a dawo da su ba, ba a kuma aiko da godiya ba. A damina ta uku aka yi ruwan kwana biyu a jere, bangon ɗakinta ya zube, Allah ya sa ba kowa a ciki. Na zo jaje da yaron, lokacin ya fara gudu. Muna kwashe kaya daga cikin laka sai ga Kawu a ƙofar gida, da azara biyu a kafaɗa, ɗansa na biye da shi da fartanya. Ya yi sallama da Baba, ya tuɓe riga, ya shiga kwaɓa ƙasa. Ya rame, gashin kansa ya yi fari fat. Har azahar bai ce wa Inna komai ba, ita ma ba ta ce ba, ruwa kawai take ɗebo musu.

Da aka sauke tuwo ta kai masa nasa da hannunta, ta durƙusa ta ajiye. Ya buɗe, ya ci loma biyu, ya ce miyar ta yi gishiri. Ta ce bakinsa ne ya tsufa. Ya ce tun tana yarinya hannunta bai san awon gishiri ba, ya tuna mata ran da ta fara yi musu girki har kare ya ƙi ci. Ta ce ƙarya ne, ba su da kare a lokacin. Ya ce suna da shi, jan nan mai yankakken kunne. Suka yi ta musu a kan karen, ɗansa na dariya, ɗana ya faɗa cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasar ya ɓata jikinsa har wuya. Kawu ya kwana uku a gidanmu, sai da bangon ya kai kafaɗa sannan ya tafi.